Jan Tabo a Tudun Masussuka

Hillat Ɗan'auta, kusa da Abu Na'ama

Yaya Nuru, assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Turkiyya? Inna na gaishe ka. Baba ma ya gaishe ka, ya ce a tambaye ka kai ne ka manta da shi ko wayarka ce. Mu dai lafiya lau, alhamdulillahi.

Yaya! Ya salam! Ashe haka kake ba mu sani ba? Yau na je shagon Jibirin na hau wayfay, don shabakar intanet a gida sai dai addu'a. Ina zaune ba aikin yi, na ce bari in rubuta sunanka a intanet in gani. Sai ga hotonka da kwat, ka ɗaure fuska kamar an ci maka bashi, ga rubuce-rubuce jere a ƙasa, ina ja ina ja sun ƙi ƙarewa. Duk da Ingilishi. Ƙawata Hanaa ta ce maƙaloli ake ce musu, wai kowace ɗaya kai ka zauna ka rubuta, har wasu masu ilimi na ambaton sunanka a nasu. Mu da muke cewa kawai "yana aikin iska", mutane na mana dariya!

Na buɗe ɗaya haka da ka, sai ga wani hoto mai launi-launi. Na duba, na sake dubawa, na ce kai, wagga kwanar rafi na san ta. Ga masallaci. Ga shagon Jibirin inda nake zaune. Ga gidanmu ɗan ƙaramin akwati. Ga tudun masussuka jajawur kamar an zuba masa karkade, da 'yan kibiyoyi duk sun nufo shi. Hillarmu ce, ƙauyenmu, Yaya! Wallahi sai da na yi guɗa a cikin shagon mutane, Jibirin ya ce lafiya, mijin ya samu ne?

Nan take na tura shi gurub ɗin hilla, na rubuta a ƙasa: "Ku ga aikin Yayana, ya kai mu duniya."

Labarin gida kuma, dawa ta yi bana. Ka san tun da munka dawo daga gudun yaƙin nan wannan ne girbin farko na kirki. Kowa ya kai tashi kan tudu, tsibi-tsibi, gwanin sha'awa. Nafir za a fara, gayyar bugu, gida-gida kamar yadda anka saba, maza su bugi ta wannan su koma ta wancan, mu mata mu shiƙe. Tamu na bayan ta Ammu Abdulwahab shugaban lajna, kwamitin hilla.

Ka faɗa min mi jan nan ke nufi in an tambaye ni in yi ta iyayi. Kuma ka riƙa cin abinci, wuyanka ya yi tsawo a hoton.

Ƙanwarka mai sonka,
Widad

*

Yaya Nuru, assalamu alaikum. Da wayar Hanaa nake rubuto maka, tawa tana hannun lajna. Don Allah kana gani ka amsa.

Innalillahi. Yaya, na jawo mana masifa.

Bayan na tura hoton nan shabaka ta ɗauke gaba ɗaya. Da ta dawo na buɗe waya, sai na tarar hoton ya zaga gurub-gurub har Wad Haddad, amma an yanke rubutuna na ƙasa. An haɗa shi da tasjil, saƙon murya na wani mutum, ba wanda ya san muryarsa, yana cewa wai taswirar musayyara ce, jirgin nan marar matuƙi mai sakin bom, an same ta a wayar wani ɗan leƙen asiri. Wai kibiyoyin nan hanyar da za ta biyo ce, jan kuma inda za ta saki. Ya ce ana jiran ranar nafir ne, in maza sun taru a kan tudu.

Ka san mutanenmu abin da sunka gani da idonsu. Ko babur ya yi ƙara daga nesa sai ka ga tsofaffi sun duƙa. Ranar da anka fara bugun dawar gidan farko, wani ya nuna hoton, wallahi mutane sunka zubar da sanduna sunka gangaro a guje, wata har takalmi ta bari. Gidaje da dama sun ɗaure kaya a karo, amalanken jaki, sun nufi Sinnar wajen dangi. Yanzu tudu ba kowa. Abincin shekarar hilla duka yana can a fili, tsuntsayen zarzur na sauka a kai kamar hayaƙi.

Na yi ta rantsuwa ina cewa ni na tura, na Yayana ne, na karatu ne. Ashe ƙara ɓata abin nake. Goggo Bilkisu ta ce, "To ai ga shi da bakinki. Ɗan Gado ne ya zana mu." Sai anka aiko a kira Baba. Ya je da jallabiyarsa ta Juma'a, ya dawo, ko gahawar jabana da Inna ta kawo bai taɓa ba.

Ni ban san mi zan ce musu ba, don ni kaina ban san mi ne jan ba. Yaya, mi ne ne? Ka faɗa min gaskiya ko mi ce ce, ni ba zan guje ka ba.

Widad

*

Zuwa ga ƙanwata Widad,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan Inna da Baba suna cikin ƙoshin lafiya.

Na karanta saƙonninki biyu a jere, na farko ya sa ni murmushi, na biyu ya sa na kasa tashi daga kujera. Ki kwantar da hankalinki, ba ki yi laifi ba. Hoton nan ba shi da wata alaƙa da jirgi marar matuƙi, ko yaƙi, ko kowane mai bindiga.

Ga abin da nake yi. Ina zana wuri a kwamfuta da tudunsa da kwarinsa da gidajensa, sannan in saki iska a kansa ta hanyar lissafi, in ga inda take gudu da inda take lafawa. Kibiyoyin nan iska ce. Shuɗi na nufin iska ta yi rauni, ja na nufin tana da ƙarfi. Amfaninsa shi ne a san inda ya dace a kafa manyan fankokin nan da iska ke juyawa su ba da wutar lantarki. Abokan aikina kowa na zaɓen wani dutse ko bakin teku na ƙasarsu. Ni na zaɓi hillarmu, don ita na sani, kuma ina burin wata rana a kafa ko guda ɗaya a tudun nan, Inna ta daina neman ashana a duhu. Sunan hilla da na rubuta a ƙasan hoton, na rubuta shi ne da alfahari.

Lambobin da ke gefe kuwa, adireshin wurin ne a doron ƙasa. Ba a karɓar maƙala sai da su, don wani mai bincike ya iya maimaita lissafin ya tabbatar ban yi ƙarya ba.

Na haɗo da tasjil, da Hausa da Larabci, na yi bayanin duk wannan a hankali. Ki kai wa Ammu Abdulwahab ya sa a gaban lajna. Na tabbata in sun ji muryata za su fahimta, ai su sunka raine ni. Ki roƙe su su koma kan dawarsu kafin ta lalace.

Ki gaishe da Baba, ki ce masa ina neman afuwa kan wannan tashin hankali.

Yayanki,
Nuraddeen

*

Yaya, salam. Da ma ba ka yi maganar lambobin nan ba.

An taru a rakuba, rumfar masallaci, maza a ciki, mu mata a bayan zana. Anka sa tasjil ɗinka. Da farko wallahi abin ya fara tafiya tamam. Da ka ce ja iska ce, har wani ya yi dariya ya ce, "Iska? Shekarun nan duka iska ya je karantowa?" Goggo Bilkisu ta leƙo ta ce, "Shi yana can yana auna mana iska, mu muna nan muna auna kabari." Mutane sunka yi dariya, na ce alhamdulillahi, in anka fara dariya an gama.

Sai ka zo kan lambobi. Lukman, wanda ya fara jami'a yaƙi ya koro shi, ya ce a ba shi hoton. Ya kwafe lambobin a taswirar wayarsa ya danna. Yaya, duniya ce gaba ɗaya a waya, sai ta yi ta matsowa, ta yi ta matsowa, Sudan, kogi, rafinmu, har ta tsaya cak a tsakiyar tudun masussuka. Wayar ta zaga hannu-hannu. Ba wanda ya ƙara dariya.

Ammu Abdulwahab ya ce, "Lukman, wa zai iya ganin takardar nan?"

Lukman ya ce, "Kowa, Ammu."

"Kowa a ina?"

"Kowa a duniya, in dai yana da shabaka."

Ka san abin da ya samu Khalid ɗan Ammu Abdulwahab a kasuwa lokacin da munka gudu, ko gawa cikakkiya ba su samu ba. Ammu ya kalli wayar ya ce, "Na yarda Nuraddeen iska yake nufi. Wanda zai karanta fa, shi mi yake nufi?"

Ga hukuncin da sunka yanke. Ka goge shi daga intanet, Lukman ya duba ya shaida. In ba haka ba, gidan Gado su bar hilla. An kuma cire mu daga nafir, ba mai bugun dawarmu, ba a kiran Baba ta kowa. Yaya, Baba fa, da ba a fara nafir sai ya ce bismillah!

Inna ta je ɗibar ruwa mata sunka matsa mata kamar mai ƙyanda. Ina za mu? Kakanni duk a nan suke kwance.

Ka goge kawai, Yaya. Ni kullum ina goge abu, dannawa ɗaya ce. Ka rubuta wani daga baya, ai kana da su da yawa. Don Allah, don Annabi.

Taka,
Widad

*

Ƙanwata Widad,

Salamu alaikum. Na jinkirta amsa ne saboda ina ta neman hanyar da zan ce miki "na goge", ban samu ba.

Maƙala ba kamar saƙon gurub ba ce. Da zarar an wallafa ta, ta bar hannuna. Na rubuta wa masu mujallar na roƙe su su cire lambobin da sunan hilla, na ce in hakan ba zai yiwu ba su janye ta baki ɗaya, ko da kuwa zai taɓa aikina. Sun ce za su duba, kuma irin wannan kan ɗauki watanni. Ko sun janye, sunanta zai ci gaba da bayyana, kuma duk wanda ya sauke ta yana da ita.

Akwai abin da ya fi wannan, gara ki ji daga bakina kafin Lukman ya gano. Ba maƙala ɗaya ba ce. Kusan rabin abin da kika gani kina ja a shafina, a kan tudun nan na gina shi. Kuma da yake lissafin ya fito da kyau, wasu masu bincike a wasu ƙasashe sun ɗauki zanen suna gwada nasu lissafin da shi. Akwai ɗalibai da ban taɓa gani ba da sunka san kwanar rafinmu. Da can in na ga haka daɗi nake ji. Tun da saƙonki ya zo nake buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Tambayar Ammu Abdulwahab, ni ma ba ni da amsarta. A iya sanina, mai son kai hari ba ya buƙatar maƙalata, yana da taswirar da ta fi tawa. Amma ba zan iya dafa Alƙur'ani in ce ba wanda zai taɓa amfani da ita ba.

Ki karanta wa Baba wannan duka, kar ki tsallake komai.

Yayanki,
Nuraddeen

*

Nuraddeen,

Bayan sallama. Ni ne Gado mahaifinka, Widad ke rubutawa, na ce ta rubuta yadda na faɗa.

An karanta min. Na ji.

Ƙanwarka ta ce ta iya haɗa hoton ƙarya da zai nuna an goge, ta ce ko Lukman ba zai gane ba. Na hana ta. Mutanen da zan yi sahu da su a masallaci ba zan ba su ƙarya su kwana a kanta ba. Na je da ƙafata na gaya wa Abdulwahab ba ya goguwa, kuma ba ɗaya ba ne.

Kai ka yi karatu, amma akwai abin da ban koya maka ba, don na ɗauka kowane ɗan hilla da shi ake haihuwarsa. Kakanninmu hanyar Makka sunka biyo, sunka tsaya nan. Abin da ya zaunar da mu har yau shi ne ba mu cika son a san da mu ba. Mu noma, mu yi salla, mu yi shiru. Duk ranar da sunanmu ya shiga bakin manya, ba alheri ke biyowa ba, kai ma ka ga wasu da idonka. Kai kuma ka ɗauki sunan ka rubuta inda duniya za ta karanta. Na san don so ka yi. Ban ce ka ci amana ba.

Sun ce bayan Juma'a mu san inda za mu nufa. To. Amma dawata ba zan bar wa tsuntsu ba. Gobe ranar nafir ɗina ce a yadda anka tsara tun farko. Na ce uwarka ta dafa abincin nafir kamar kullum, ko ba mai zuwa. Zan hau tudu in tsaya a tsakiyar jan naka in bugi abina. In abu ya faɗo, ni ya fara samu.

Allah ya yi maka albarka.

(Yaya, ni ce. Na yi kuka na yi kuka ya ƙi ji. Ni ma zan bi shi, ba zan bar shi shi kaɗai ba. Ka yi mana addu'a.)

*

Yaya Nuru, assalamu alaikum. Muna raye. Ka fara sanin wannan. Sauran kuma ka zauna kafin ka karanta.

Munka hau da safe, ni da Baba da Inna, da tukunyar asida da miya a kan jaki, abincin mutum masu yawa, mu uku. Zarzur sun yi ɓarna, shanun wasu ma sun shiga ta gefe. Baba ya ce bismillah ya fara bugu. Yaya, ka taɓa jin sanda ɗaya a masussuka? Tim. Shiru. Tim. Wurin da anka saba jin ƙasa na girgiza da waƙa. Ni ina shiƙa, idona na sama. Can ƙasa mutane sun fito bakin gidaje suna kallonmu, suna jiran su gani.

Har rana ta take ba abin da ya faɗo. Sai ga Goggo Bilkisu tana hawowa tana haki tana faɗa: "Gado zai kwashe tashi, tawa tsuntsu ya cinye? Musayyara ta kashe ni da ƙoshi ya fi yunwa ta kashe ni!" Ta wuce mu ko kallo, ta nufi tsibinta. Bayanta wasu, bayansu wasu. Kafin la'asar tudu ya cika. Amma kowa ya tsaya gaban tashi, ba wanda ya matso tamu, ba wanda ya kalli asidar Inna. Baba kuma numfashinsa ya fara sama-sama, ko rubu'i bai ci ba.

Sai Ammu Abdulwahab ya zo da sandarsa. Ya tsaya daidai gaban Baba.

Ya ce, "Gado, ba ka yi mana ƙarya ba, na gani. Kai namu ne. Amma wanda ya nuna wa duniya inda 'ya'yanmu ke taruwa, ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ba zan sauke sandar nan a kan dawarka ba sai ka ce Nuraddeen ba zai sake taka hillar nan ba."

Inna ta ce, "Abdulwahab, ji tsoron Allah!"

Ni na tabbata Baba zai ce a'a. Wallahi har na fara tunanin kayan da zan ɗaure. Ya kalli maƙabarta can ƙasa, ya kalli Inna, ya share zufa da hularsa.

Ya ce, "Na ce."

Sanda ta sauka. Sai maza duka sunka taso, sunka kewaye dawarmu, har da waƙa, Yaya, har da waƙa! Sunka gama ta tas, sunka zauna sunka cinye asidar. Inna ce ta zuba musu, hawaye na ɗiga a hannunta. An dawo min da wayata.

Mun zauna a hilla, Yaya. Ba inda za mu. Ban san ko in ce alhamdulillahi ba. Ni ce na tura hoton nan, amma kai anka kora.

Ƙanwarka har abada,
Widad

*

Widad,

Wa alaikumus salam. Na gode wa Allah da kuke lafiya. Ki daina ɗora wa kanki.

Ki ce wa Baba na ji, kuma na bi. Ba na fushi da shi. Tambaya ɗaya nake so ki yi masa, in kun keɓe: har da ranar da za a kai shi makwanci? Ko ranar Inna?

Yayanki,
Nuraddeen

*

Yaya, salam.

Na tambaye shi. Muna ɗinke bakin buhuna ne, ni da shi kaɗai. Sai ya ce in riƙe buhun da kyau, yana zubewa.

Inna ta ce a gaishe ka.

Widad